Ta ina sabon shiga zai fara karatun daidaita lokaci da NTP?

Tambayar da ɗan'uwa ya turo a taƙaice ita ce, an ɗora masa kula da wasu sabobi, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima a netwok, a wurin aiki, ya lura agogunansu ba sa tafiya tare, da ya shiga bincike sai ya ci karo da NTP da PTP, hanyoyin da kwamfutoci ke daidaita agogonsu ta netwok, da GPS da agogon atom duk a cakuɗe, yanzu abin ya fara ba shi sha'awa amma bai san ta inda zai kama ba. Yana so a nuna masa wuraren da mutum zai karanta a intanet.

To ɗan'uwa sannu da zuwa, fanni ne mai daɗi kuma yana da zurfi sosai. Zan faɗa maka wuraren amma ba jero maka su kawai zan yi ba, don matsalar sabon shiga a nan ba rashin abin karantawa ba ce, abin karantawa ya yi yawa ma, matsalar ita ce wanne za ka fara da shi da kuma wanne ya tsufa har ya zama cutarwa. Kuma shawarata tun daga farko, duk abin da za ka karanta ka karanta shi kwamfuta na buɗe a gabanka kana duba agogonta. Wanda ya yi sati yana kallon yadda agogon injinsa ke zamewa ya fi wanda ya haddace takardu gane abin, nesa ba kusa ba.

Kafin komai ka tambayi kanka, daidaito har zuwa ina nake nema? Domin amsar ita ce za ta raba maka hanya. Kerberos da ake shiga asusu da shi a ofisoshi yana haƙuri da saɓanin minti 5. Lambobin sirrin nan masu canzawa a waya duk sakan 30 suke juyawa. In kana so ka jera bayanan abin da ya faru a sabobi daban daban ka gane wanne ya riga wanne, milisakan kaɗan ya ishe ka, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Amma dokar kasuwar hannun jari ta Tarayyar Turai, MiFID II, ta ce masu ciniki mai tsananin sauri kar agogonsu ya kauce wa UTC, wato lokacin duniya da kowa ke bi, da fiye da maikrosakan 100 (maikrosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan), su kuma turakun waya na zamani ana maganar maikrosakan ɗaya da rabi ne. NTP ta intanet yakan ba ka milisakan kaɗan zuwa gomomi, a cikin netwok na gida ƙasa da milisakan ɗaya, PTP da kayan da suka dace ƙasa da maikrosakan. Yawancin masu kula da saba NTP ne maganinsu, shikenan, kuma ni ina ganin aikinka ma nan ya tsaya, sauran sai don sha'awa.

Me ya sa ma agogon ke zamewa? A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan kiristal da ke kaɗawa, ana ƙirga kaɗawar a ce sakan ya cika. To ba kiristal ɗin da ke kaɗawa daidai da abin da aka rubuta a jikinsa, kuma zafi da sanyi suna canza shi. Ana auna kuskuren da ppm wato kashi ɗaya cikin miliyan, ka riƙe wannan lissafin a ka domin kullum za ka buƙace shi: ppm 1 daidai yake da milisakan 86.4 a rana. Kenan inji mai kuskuren ppm 20, wanda ba abin mamaki ba ne ko kaɗan, zai kauce da sakan 1.7 a kowace rana, a wata guda ya kusa minti ɗaya. Kaga dalilin da sabobinka suka rabu.

Wurin farko da zan tura ka shi ne shafin chrony, manhajar daidaita agogo ta NTP, chrony-project.org, musamman sashen tambayoyin da aka saba yi. Richard Curnow ne ya fara rubuta manhajar, Miroslav Lichvar na Red Hat ke kula da ita yanzu, kuma ita ce ke zuwa da Fedora da Red Hat. A ganina babu rubutun da ya kai wannan sashen amfani ga mai farawa, domin tambayoyin na gaske ne, irin su saba nawa zan sa, me ya sa agogona ya ƙi gyaruwa, ya zan yi da kwamfutar da ba kullum take kan intanet ba. Ka fara da timedatectl ka ga wa ke riƙe da agogon injinka, in systemd-timesyncd ne to ka sani shi mai sauƙi ne, saba ɗaya yake bi a lokaci guda kuma ba ya ba wasu lokaci. Ka sa chrony a injin gwaji, sai ka buga chronyc tracking da chronyc sources -v da chronyc sourcestats, ka zauna da takardar bayanin chronyc kana bin layi layi har sai kowace lamba ta yi maka ma'ana. Za ka ga alamar tauraro a gaban sabar da aka zaɓa, alamar x a gaban wadda aka gane tana ƙarya, da 377 a ƙarƙashin Reach wanda ke nufin tambayoyi takwas na ƙarshe duk an samu amsa. Layin Frequency shi ne ppm ɗin kiristal ɗinka da na faɗa. A cikin wannan takardar akwai wani ɗan lissafi da mutane ke tsallakewa alhali shi ne zuciyar abin, wato iyakar kuskuren agogonka bai wuce System time a haɗa da Root dispersion a haɗa da rabin Root delay ba. Wannan rabin fa, in ka gane daga ina ya fito ka gane NTP.

Ga daga inda ya fito. Ka ɗauka ka aiki yaro gidan maƙwabci ya tambayo maka ƙarfe nawa, ka duba agogonka da zai fita, ka duba da ya dawo, shi kuma ya zo maka da lokacin da ya isa can da lokacin da ya baro. Lokuta huɗu kenan, kuma da su NTP yake aiki. In ka cire zaman da ya yi a can ka san tsawon tafiyar zuwa da dawowa gaba ɗaya, amma ba ka san nawa ne na zuwa nawa ne na dawowa ba, sai dai ka raba biyu ka ce daidai suke. A netwok sau da yawa ba daidai suke ba. In zuwa da dawowa milisakan 40 ne NTP zai ɗauka 20 da 20, in kuwa a zahiri 30 ne zuwa 10 dawowa to agogonka ya kauce da milisakan 10, kuma abin da ya fi damuna mutane su gane shi ne, ba za ka taɓa ganin wannan kuskuren a allonka ba. Ko sau dubu ka maimaita tambayar haka zai zauna, manhajar za ta nuna maka lamba ƙarama mai kyau kana murna alhali a karkace kake. Shi ya sa saba ta kusa ta fi ta nesa ko da ta nesan ce ke manne da agogon atom, kuma shi ya sa matakin stratum ba ma'aunin inganci ba ne, yana gaya maka hannu nawa lokacin ya bi ne kafin ya iso ka. Saba mai mataki na 2 a cikin gininku za ta iya fin mai mataki na 1, wato wadda ke manne da agogon asali kai tsaye, da ke wata nahiya.

Bayan wannan sai takardun RFC, wato takardun da ke bayyana ƙa'idojin intanet, kyauta suke a rfc-editor.org. Amma don Allah kar ka fara da RFC 5905 na shekarar 2010 duk da shi ne ainihin bayanin NTP na huɗu, zai gajiyar da kai ka ajiye. Fara da RFC 8633 na 2019, gajere ne kuma don masu gudanar da saba aka rubuta shi. A nan za ka ga dalilin da ya sa ake cewa ka sa majiya huɗu ko fiye, da ɗaya in ta ɓace ka bi ta, da biyu in sun saɓa ba ka san mai gaskiya ba, da uku za a iya kayar da maƙaryaciya amma in ɗaya ta mutu ka koma biyu. Sai daga baya ka koma 5905 ka karanta sassan zaɓen saba da tace amsoshi. David Mills na Jami'ar Delaware shi ya ƙirƙiro NTP, bayaninsa na farko ya fito a RFC 958 a 1985, ya rasu a Janairun 2024, kuma rubuce-rubucensa na nan a intanet, akwai kuma littafinsa Computer Network Time Synchronization. Turancinsa na da nauyi kuma yana son ƙirƙirar kalmomi, amma in ka riga ka yi wasa da chrony za ka ji daɗinsa ƙwarai domin za ka ga dalilin kowane abu daga bakin wanda ya gina shi. Shafin ntp.org da na NTPsec suna da bayanan ntpd, wata manhajar mai aikin chrony, da ntpq da ake duba ta da shi, in injinanka su suke amfani da su.

Sai ntppool.org, nan ne gidan pool.ntp.org da Linux da yawa ke nufa. Sabobin sa kai ne, mutane suka ba da kyauta, aikin ya fara a 2003. Ka karanta shafin yadda ake amfani da shi, kuma in wata rana za ka haɗa na'urar da za a sayar wa jama'a ka karanta sashen masu ƙera kaya kafin ka rubuta sunan sabar kowa a ciki. A 2003 wasu rautocin Netgear dubban ɗaruruwa sun fito da adireshin sabar Jami'ar Wisconsin a manne a cikinsu, suna ta aika tambaya ba ƙaƙƙautawa har suka cika wa jami'ar layi, labarin na nan a rubuce a shafin jami'ar kuma ya cancanci karantawa. A wurin aikinka abin da ya dace shi ne ka ware injina uku ko huɗu su riƙa ɗauko lokaci daga waje, sauran duk su bi su.

Akwai tarko guda a nan da nake so ka kiyaye. Google da sabarsu time.google.com ba sa saka ƙarin sakan, wato sakan ɗayan da akan ƙara wa UTC lokaci lokaci, yadda sauran duniya ke yi, shafa shi suke yi a hankali cikin awa 24, to in ka cakuɗa sabarsu da na pool a fayil ɗaya, ranar da aka yi ƙarin sakan majiyoyinka za su saɓa da juna. Su kansu sun rubuta gargaɗin a shafinsu. Ka zaɓi ɓangare ɗaya. Maganar tsaro kuma, NTP yadda aka saba amfani da shi ba ya tabbatar da wanda ya ba ka amsa, fakitin UDP ne kawai a tasha ta 123, maganin wannan shi ne NTS da ke RFC 8915 na 2020, chrony na goyon bayansa tun fitowa ta 4.0, kuma Cloudflare da Netnod na Suwidin suna da sabobin da za ka gwada da su, kalma ɗaya ce za ka ƙara a layin saba.

To wai shi lokacin da ake ta rabawa daga ina yake fitowa? Nan ne za ka je shafin sashen lokaci na hukumar awo ta NIST da ke Boulder a Amurka. Suna da ƙamus mai suna Time and Frequency from A to Z, ka ajiye shi kusa don duk kalmar da ta shige maka duhu, kuma takardun ma'aikatansu dubbai suna nan kyauta, na Michael Lombardi sun fi sauƙin shiga ga mai koyo. A can za ka ga tun 1967 ma'anar sakan ita ce kaɗawa 9,192,631,770 ta atom ɗin siziyom 133. Sai shafin BIPM, ofishin awo na duniya da ke kusa da Faris a Faransa, su ke haɗa UTC. Abin da ya fi burge ni a fannin nan gaba ɗaya shi ne babu wani agogo guda a duniya da za ka nuna ka ce wannan ne UTC. Lissafi ne ake yi daga ɗaruruwan agogunan atom na ɗakunan gwaji kusan 80, kowane wata BIPM ta fitar da takardar Circular T ta gaya wa kowane ɗakin gwaji nanosakan nawa, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, ya kauce a watan da ya wuce. Ka sauke ko guda ɗaya ka duba, shafuka kaɗan ne. Daga nan za ka gane cewa a wannan sana'ar ba a cewa agogo daidai yake, sai dai a ce ya kauce da kaza in an gwada shi da wane.

Ka kuma san lokutan ba ɗaya ba ne. TAI lokacin atom ne zalla, yana gaban UTC da sakan 37 tun farkon 2017. Lokacin GPS ya fara ƙirga daga 6 ga Janairun 1980 kuma ba ya karɓar ƙarin sakan, yanzu yana gaban UTC da sakan 18, saboda haka duk ranar da ka ga na'ura ta kauce da sakan 18 cif ka san inda za ka duba. Ƙarin sakan kuwa ana yinsa ne don kar UTC ya yi nisa da juyawar duniya fiye da sakan 0.9, hukumar IERS ke sanarwa a Bulletin C, an yi sau 27 daga 1972, na ƙarshe a daren 31 ga Disambar 2016. Na 2012 ya rikita injinan Linux da yawa. A 2022 babban taron awo na duniya ya yanke shawarar a sauya tsarin nan da 2035, amma kafin nan dole manhajarka ta san da shi.

In sha'awar ta kai ka ga son taɓa abu da hannu, aikin da kowa ke farawa da shi shi ne ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da ɗan allon GPS mai fitar da PPS, ka gina sabarka mai mataki na 1. Abin karantawa a nan shi ne GPSD Time Service HOWTO a shafin gpsd, da shafukan satsignal.eu masu cike da zanen sakamakon gwaji na shekaru. Abu ɗaya da zan jaddada, GPS na ba ka lokaci ta hanya biyu. Akwai rubutun NMEA da ke cewa ƙarfe kaza ne, wannan yana iso wa a makare da gomomi ko ɗaruruwan milisakan kuma makarar ba ta tsayawa wuri ɗaya. Akwai kuma bugun PPS, bugu ɗaya na lantarki a farkon kowane sakan, shi ne mai kaifin. NMEA ya faɗi wane sakan ne, PPS ya faɗi daidai inda ya fara. Ɗan GPS na USB wanda ba shi da PPS sau tari NTP na intanet ma ya fi shi, mutane da yawa sun saya sun yi mamaki. Eriya kuma tana son ganin sararin sama sosai, kuma in ka fara maganar nanosakan har tsawon kebul sai ka lissafa, domin kowace mita tana cin kusan nanosakan 5.

Wannan aikin zai jefa ka cikin tambayar da ta fi kowace wuya, ya zan san sabar da na gina daidai take? Ba za ka auna agogo da kansa ba, sai da wanda ya fi shi, ko aƙalla ka gwada guda uku da juna. A nan za ka haɗu da ma'aunin Allan da David Allan ya fito da shi a 1966, wanda ke nuna maka natsuwar agogo a tsawon lokuta daban daban, domin kiristal mai kyau ya fi GPS natsuwa a cikin sakan ɗaya amma GPS ya fi shi a cikin kwana ɗaya, kuma haɗa ƙarfin biyun shi ne duk hikimar na'urar GPSDO, wato agogon da GPS ke gyara wa tafiya. Littafin NIST SP 1065 na William Riley kyauta ne, akwai lissafi a ciki amma ka fara koyon karanta zanen tukuna, lissafin zai biyo baya. Manhajojin TimeLab da Stable32 da allantools na Python duk za su zana maka daga bayananka. Sai leapsecond.com na Tom Van Baak, mutumin da a 2005 ya ɗora agogunan siziyom uku a mota ya hau da su dutsen Rainier tare da 'ya'yansa, ya dawo ya auna ya ga sun riga na gida da nanosakan 20 da ɗoriya kamar yadda ka'idar Einstein ta ce. Tsoffin tattaunawar zauren imel na time-nuts ma taska ce, kusan duk tambayar da za ta zo maka an taɓa amsa ta a can.

PTP ba zan daɗe a kansa ba. IEEE 1588 ne, ya fito 2002 aka sabunta a 2008 da 2019, takardar ta kuɗi ce amma ba ka buƙatarta don farawa, bayanan linuxptp da jagorar Red Hat kan ptp4l da phc2sys sun isa. Ka buga ethtool -T ka ga ko katin netwok ɗinka na buga hatimin lokaci da kansa, in ba ya yi, ko suwic ɗinku bai san PTP ba, ribar kaɗan ce. Tsarin White Rabbit na cibiyar bincike ta CERN ya sauka ƙasa da nanosakan, ka karanta don sha'awa.

Abin da za ka guje wa kuma shi ne tsoffin shafukan koyarwa, suna da yawa kuma su injin bincike ke fara kawowa. Duk wanda ya ce ka sa umarnin ntpdate a cron, mai gudanar da aiki bisa jadawali, yana fizgar agogo kowace awa ka rufe shi, fizgar agogo baya na iya lalata ma'ajiyar bayanai da duk manhajar da ta ɗauka lokaci gaba kawai yake tafiya, hanyar da ta dace ita ce a bar chrony ya tsallaka sau ɗaya wajen kunna inji da umarnin makestep, daga nan ya riƙa gyara a hankali. Duk fayil ɗin ntpd da ya bar tambayoyin sarrafawa a buɗe ga duniya shi ma ka guje shi, da umarnin monlist aka yi manyan hare-haren cunkoso a 2013 da 2014. Ka riƙa duba shekarar rubutu kafin ka kwafa. In Windows gare ka, w32tm /query /status da w32tm /stripchart su ne farkon dubawa, kuma kamfanin Meinberg na Jamus na da ɗakin bayanai mai kyau da ntpd na Windows kyauta.

Ga sabobinka na wurin aiki kuwa, ka kunna log tracking measurements statistics a chrony.conf na guda biyu, ka bar su sati ɗaya, sai ka zana layin Frequency ka ɗora shi kan zafin ɗakin ko nauyin aikin injin, za ka ga suna hawa da sauka tare. In wani abu ya ɗaure maka kai ka dawo da abin da chronyc tracking da chronyc sources -v suka nuna, da layukan saba na fayil ɗinka, ka kuma faɗa mana injin na zahiri ne ko na cikin wani injin, domin su waɗannan na biyun sau da yawa uwar injin ma tana taɓa musu agogo, hannu biyu kenan a kan agogo ɗaya, sai an kashe ɗaya kafin a gane komai.